Fashin baƙi: me ya sa masu zane da masu hoto na da suka maƙale wa fure?

Duk wanda ke yawo a Legas ya san hotunan nan na furanni da ake sakawa a firem, takardar ta yi ja-ja kaman ta kwana biyu a duniya, fure ɗaya tal a tsakiya da ganyensa da saiwarsa, a ƙasa kuma ga wani siririn rubutu na Latin da ba kowa ke tsayawa ya karanta ba. Za ka gansu a falon otal a Ikeja, za ka gansu a shagunan kayan ɗaki na Lekki, har masu tallan firem a gosulo suna ɗaga su, yanzu ma amarenmu na Agege da Idi-Araba sun fara haɗawa da su a kayan jere. Yawanci ana musu kuɗin goro ne, ana cewa tsohon hoton fulawa na Turawa, shi kenan. To gaskiya ba iri ɗaya ba ne. Wani zanen hannu ne, wani sassaƙa shi akai a jikin farantin jan ƙarfe sannan aka buga, wani hoto ne da aka yi ba tare da an taɓa kyamara ba sam, wani kuma kyamara ce ta ɗauka amma mutum ne ya bi shi da buroshi ya sa masa kala. Kuma mafi yawansu ba don ado aka yi su ba tun farko, kayan aiki ne na masu magani da malaman tsirrai da masu buga yadi, kuma a ganina wannan shine sirrin kyan nasu, domin wanda zai yi aiki da abu ba ya masa kallon tsoro, sai ya kalle shi ciki da bai.

Magani ne mafarin abin. A ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa (AS) wani likita Bagirke, Dioscorides, ya rubuta littafi a kan tsirrai wajen 600 da amfaninsu, mutane suka yi ta kwafarsa da hannu shekaru sama da dubu, ana sa masa zane. A ƙarni na 9 aka mayar da shi Larabci a Bagadaza, malaman Musulmi suka ɗora a kai, irin su Ibn al-Baitar ɗan Andalus wanda ya rasu a 1248. Dalilin zanen a fili yake, in ka ce wa mutum ya je ya tono saiwar kaza ya jiƙa ya sha, in ya kuskure ya tono ta kusa da ita to rai ne a ciki. Kuma ganye yana yaudara, ganyaye da yawa suna kama da juna, amma fure da wuya ya yaudare ka. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san haka, yakuwa da rama suna ƙanana sai ka duba da kyau, amma da sun girma sun yi fure sun ɗaura 'ya'ya magana ta ƙare.

Wanda ya mayar da wannan ya zama ƙa'ida shine Carl Linnaeus ɗan Suwidin. A 1735 ya fito da tsarin da ya raba tsirrai gida 24, kuma da me ya raba su? Da ƙirga 'yan siraran tsinkayen nan da ke cikin fure masu ɗauke da garin rawaya a kansu, da yanda suke tsaye. A 1753 kuma ya daidaita ba kowane tsiro suna mai kalma biyu, irin rubutun nan da kake gani a ƙasan firem. Daga nan sai aikin mai zane ya canja gaba ɗaya, yanzu dole in ya zana fure malami ya iya sa yatsa ya ƙirga tsinkayen a jikin takarda, shi ya sa in ka lura da kyau za ka ga a gefe ko a ƙasa an zana wasu 'yan gutsattsari, an tsaga furen biyu, an ciro ƙwayar iri, an nuna ta ta ciki. Ba cike gurbi ba ne, su ne ma ainihin saƙon, furen babba na tsakiya kusan gabatarwa ne kawai.

Bari in ba da misali da zoɓo tunda a kasuwar Mile 12 buhu-buhu ake sauke shi. Jan abin nan da muke jiƙawa mutane da yawa suna ce masa fure, amma shi furen yakuwa fari-fari ne mai ɗan rawaya da ja mai duhu a tsakiya, kuma yini ɗaya yake yi ya yanƙwane ya faɗi, sai ƙoƙon da ke riƙe da shi ya kumbura ya yi nama ya yi ja, shine zoɓon. To ka ga in kana so ka nuna wa wanda bai taɓa ganin yakuwa ba ko mece ce ita, kana buƙatar toho, kana buƙatar furen a buɗe, kana buƙatar ƙoƙon bayan ya nuna, da irin da ke ciki, da ganyen ƙasa da na sama tunda ba siffarsu ɗaya ba, kuma waɗannan ba rana ɗaya suke samuwa ba. Mai zane yana iya bin shuka wata da watanni yana zana kowanne a lokacinsa ya tara su a shafi ɗaya, ya bar ganyen da tsutsa ta ci, ya ɗan juya reshe don a ga bayan ganye. Kyamara kuwa abin da ke gabanta a wannan daƙiƙar shi za ta ba ka, da inuwarsa da ƙurarsa. Wannan ne dalilin da ya sa har yau ɗin nan, da duk kyamarorin da ake da su, in an gano sabon tsiro sau da yawa sai an nemo mai zane.

Sai dai ikon tara abin da bai haɗu ba a shafi ɗaya, wasu sun yi amfani da shi ta wata hanyar. Masu zanen Holan na ƙarni na 17, lokacin da haukar wani fure mai suna tulif ta kama ƙasar har farashinsa ya faɗi warwas a 1637, sun riƙa zana tulu cike da furanni wanda in ka bi su ɗaya bayan ɗaya za ka ga wannan na farkon shekara ne wannan na tsakiyarta, ba yanda za a yi su zauna a tulu ɗaya a zahiri. Attajirai ke saye, kuma kyau ake nema da nuna arziki. Shi ma Pierre-Joseph Redouté wanda zanensa na furen wardi yana cikin waɗanda aka fi kwafa a duniya, in ka ga wardi mai ruwan hoda a firem akwai yiwuwar nasa ne, a inuwar masu mulki ya yi aiki, Josefin matar Napoliyon ita ce ta riƙe shi, littafinsa na wardi ya fito tsakanin 1817 da 1824 da zane kusan 170. Amma shi ya haɗa biyun, kyau da daidaito, malami zai iya aiki da zanensa. Kuma kar a ɗauka Turawa ne kaɗai. A fadar Mugal ta Indiya akwai Ustaz Mansur, wanda sarki Jahangir da kansa ya rubuta cewa ya zana furannin Kashmir sama da 100. Su ma Turkawa na Daular Usmaniyya tulif ya cika tayil ɗin masallatansu.

Wadda ni ta fi burge ni a cikin su duka ita ce Maria Sibylla Merian. Tana da shekara 52 a 1699 ta shiga jirgin ruwa ita da 'yarta daga Holan zuwa Surinam a Kudancin Amurka, ba gwamnati ce ta aike ta ba, ta zauna tana kiwon tsutsotsi tana jiran ta ga me za su zama, tana zana kowace a kan shukar da take ci. Littafinta na 1705 zane 60 ne a ciki, kuma ita ba ta ɓoye ramin da tsutsa ta yi a ganye, shine ma labarin. Ta kuma rubuta abin da bayi 'yan Afirka da 'yan asalin ƙasar suka faɗa mata game da amfanin tsirran, su ne suka sare mata daji suka kawo mata su, amma sunan ko ɗaya bai shiga littafin ba. Ku riƙe wannan, za mu sake cin karo da shi a gida.

Yanda zane ɗaya ke zama kwafi ɗari kuwa aiki ne na wahala. Wani gwani daban zai ɗauki zanen ya karce shi a jikin farantin jan ƙarfe, a shafa tawada a goge, ta maƙale a cikin karcen, a ɗora takarda mai laima a matse da inji. Abin da zai fito baƙi da fari ne, sai a miƙa wa masu sa kala, yawanci mata da yara, kowane shafi da hannu. Akwai mujallar tsirrai da William Curtis ya kafa a Landan a 1787, har yau tana fitowa, kuma da hannu aka ci gaba da sa mata kala har 1948, ka ji fa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1837 aka yi rajistar wata dabara a Faransa ta buga kala da duwatsu masu laushi, kowace kala da dutsenta, takarda ɗaya ta bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya, wannan ne ya sa hoton fure ya yi araha ya shiga kalanda da katin gaisuwa da takardar iri.

Yanzu ga kyamara. A 1839 aka sanar da duniya cewa an gano yanda haske zai yi zane da kansa, amma tun wajen 1834 William Henry Fox Talbot a Ingila yana gwaji, kuma abin da ya fara da shi ganye ne da fure. Yana jiƙa takarda da ruwan gishiri da sinadarin azurfa, ya ɗora ganye a kai ya danne da gilashi ya shanya a rana, inda rana ta taɓa ya yi duhu, inda ganye ya rufe ya zauna fari. Dalili biyu ne suka sa fure ya zama abokin masu hoton farko. Na ɗaya hoto a lokacin mintoci yake ɗauka kafin ya kama, mutum sai an tokare masa wuya da ƙarfe don kar ya motsa, shi kuwa reshen da aka yanko ba ruwansa, yana nan inda aka ajiye shi, illa dai in aka daɗe ya fara laushi a rana. Na biyu fure siriri ne, haske yana ɗan ratsa shi, sai jijiyoyinsa su fito a takarda ras.

Shuɗayen hotunan nan da farin tsiro a tsakiya kuwa, waɗanda shuɗinsu ke kama da na rinin baba na Ƙofar Mata, su suna da uwa. Sir John Herschel ne ya gano dabarar a 1842, gishirin ƙarfe iri biyu ake haɗawa a shafa a takarda ta bushe a inuwa, a ɗora tsiro a sa a rana, sannan a wanke da ruwa zalla, ba wani sinadari kuma. Shekara ɗaya bayan haka, a 1843, Anna Atkins wadda mahaifinta abokin Herschel ne ta fara fitar da littafi a kan ciyayin teku na Ingila da wannan dabara, ta yi shekara 10 tana yi, shafi wajen 400, kuma shine ake lissafawa a matsayin littafin farko a duniya da aka yi wa hotuna da haske maimakon zane. Abin da ya kamata a gane shine babu dodon hoto a nan da za a yi ta wankewa, kowane shafi na kowane kwafi sai ta sake ɗora tsiron da hannunta ta sake kai shi rana, don haka dubban shafuka ta yi. Kuma girman da ka gani a takarda shine ainihin girman tsiron, ba ƙari ba ragi. Daga baya ita da ƙawarta Anne Dixon suka yi na furanni ma.

Amma akwai babbar matsala da ta hana kyamara ta kori masu zane, wato kala. Ba wai kawai hoton baƙi da fari ne ba, a'a, sinadarin farko makaho ne ga wasu launuka, shuɗi yake gani sosai, ja da rawaya kuwa kusan ba ya ganinsu. To sai jan wardi ya fito baƙi ƙirin, fure rawaya mai haske ya fito da duhu, shuɗin fure ya fito fari fat ya ɓace. Ka ga in da za a ɗauki furen kuɓewa a lokacin, rawayan nan mai kyau sai ya dushe ya kusa haɗewa da duhun tsakiyarsa. Shi ya sa in ka duba tsofaffin hotunan furanni na shekarun 1850 da 1860 za ka ga farare da masu haske sun fi yawa, ba son zuciya ba ne, su kyamarar ke iyawa. Sai a 1873 Hermann Vogel a Jamus ya gano cewa in an sa wa sinadarin wani rini yana fara ganin kore, kuma sai wajen 1906 aka fara sayar da farantan da ke ganin duka launuka. A tsakanin nan mafita ita ce buroshi, ko kuma irin aikin Ogawa Kazumasa na Japan a shekarun 1890 wanda ya riƙa buga hotunan furanni da tawada kala-kala.

A nan ne labarin ya zo kusa da kasuwar Balogun. Adolphe Braun mai zana adon yadi ne a yankin Mulhouse na Faransa, garin masu buga atamfa da yadi. Matsalar masu sana'arsa ita ce fure na da lokaci, sanyi na zuwa babu shi, su kuwa duk shekara suna buƙatar abin da za su kalla su zana. Sai ya ɗauki hotunan furanni 300 ya haɗa su kundi don masu zanen yadi, ya kai baje kolin birnin Faris na 1855, aka yaba har abin ya fi ƙarfin manufarsa, ya bar yadi ya koma mai hoto gaba ɗaya. Ban ce furen da ke jikin atamfarki daga kundin Braun ya fito ba Hajiya, ita atamfa asalinta kwaikwayon rinin kakin zuma ne na mutanen Java ta Indunusiya wanda kamfanonin Holan irin su Vlisco, da aka kafa a 1846, da na Manchester suka mayar na inji suka kawo Afirka ta Yamma. Abin da nake nufi shine sana'ar iri ɗaya ce, mai zanen yadi yana zaune da kundin furanni a gabansa, yana ɗaukar wannan ganye yana miƙe shi yana maimaitawa har ya cika turmi, kuma da irin wannan hanya furannin da ba a taɓa shukawa a ƙasarmu ba suka cika zannuwanmu da kwanukan samira da langa da fanteka na jeren iyayenmu.

Hoto mai kala na gaske da mutane za su iya saye sai 1907, daga 'yan uwan nan biyu Lumière na Faransa, kuma abin mamaki da sitacin dankalin Turawa. Ana rina ƙananan ƙwayoyin sitacin kala uku, ja mai ruwan lemo da kore da shuɗi mai ruwan makuba, a barbaɗa a jikin gilashi, haske ya bi ta cikinsu. Hoton a gilashi yake zama, sai an ɗaga shi a haske ake gani, kuma yana da wani laushi kaman an yi shi da ɗige-ɗige. Tunda shi ma yana jinkirin kamawa kuma kala ake so a nuna, lambu da tulun fure suka sake zama abin ɗauka na farko.

Shi kuwa Karl Blossfeldt hanyarsa daban. A wurin zubin ƙarfe ya koyi aiki yana yaro, daga baya ya zama malami a makarantar zane a Barlin, ya haɗa kyamararsa da kansa wadda ke iya ƙara girman abu har ninki 30, yana ɗaukar toho da ƙaya da kan ciyawar gefen hanya a gaban farin kwali, don kawai ɗalibansa su ga yanda Allah ya gina tsiro su koyi siffa. Sai a 1928 yana da shekara 63 aka buga 120 daga ciki a littafi, duniya ta ɗauka. Tsirran sun fito kaman ƙera su akai. Shi bai damu da wardi ba, ciyawar da ake takewa yake nema, kuma wallahi duk lokacin da na kalli aikinsa tumfafiya nake tunawa, wadda ke fitowa a kowane kango ba mai kallonta, alhali furenta in ka matso da ido gini ne guda.

To mu fa, ina namu a ciki? An zana su, kuma da daɗewa. A 1786 wani Bafaranshe, Palisot de Beauvois, ya sauka a Warri ya shiga har Benin yana tara tsirrai, littafinsa mai zane masu kala ya yi ta fitowa kashi-kashi har 1821. A ciki akwai wani nau'in goro, akwai kuma wata bishiya ta kurmin nan da ya raɗa wa sunan Napoliyon, har yau sunanta na ilimi kenan, bishiyar da mutanen wurin suka san ta da nasu sunan tun kaka da kakanni. A nan Legas a 1887 gwamna Alfred Moloney, wanda titinsa ke nan a cikin gari, ya buɗe lambun gwajin tsirrai a Ebute Metta, ana musayar iri da samfuri da babban lambun Kew na Landan, manufar kuwa a gano me zai yi kuɗi. A Arewa kuma wani likita ɗan Sikotilan, J. M. Dalziel, ya bi mutane yana tambayar sunayen itatuwa da ciyayi, a 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, daga baya shi da John Hutchinson suka yi babban littafin tsirran Afirka ta Yamma. Aiki ne mai amfani ƙwarai, ba na raina shi, har yau ana komawa gare shi. Amma wa ya faɗa masa sunayen? Manoma ne da makiyaya da mafarauta da wanzamai da tsofaffin mata masu magani, ilimin nasu ne, kuma kaman yanda ya faru a Surinam sunan mai rubutu ne ya zauna a bango. Wannan abin yana ci min rai.

Ko tambarin Najeriya akwai fure a ƙasansa inda dawakan nan biyu suka tsaya, Costus spectabilis, wanda ake ce wa takalmin zomo, ganye huɗu shimfiɗe a ƙasa da fure a tsakiya. A daji rawaya ne shar, amma a tambarin ja ake yinsa. Da an ɗora wa mai zanen tsirrai aikin da hakan ba ta faru ba.

Inda fure ya shiga hotonmu da hannunmu shine situdiyo. Legas tana da masu hoto 'yan ƙasa tun ƙarshen ƙarni na 19 irin wani mai suna George da Costa (sunan mutum ɗaya ne), a Benin akwai Solomon Alonge da ya buɗe shagonsa a 1942 yana sa wa wasu hotunan kala da hannu, a Bamako akwai Seydou Keïta da ya buɗe nasa a 1948, wanda ke rataya zane mai ado a bayan mutum, mace ta zo da nata zanen mai nasa furannin su haɗu su cika hoton, akwai ma sanannen hotonsa na wani saurayi da fararen kaya da tabarau riƙe da fure ɗaya. A nan fure ba don a ƙirga tsinkayensa ba ne, magana yake, ina da tsafta, na waye, ina neman aure. Ku duba akwatin gidanku, hoton Baba lokacin da ya fara zuwa Ikko fataucin goro, ko na Inna da ƙawarta ranar sallah, da wuya ka rasa ɗan tebur a gefe da tulun fulawar roba a kai. Kuma akwai dalilin da ya sa fure bai taɓa samun turjiya a gidajenmu ba, ya zo a Bukhari da Muslim cewa Ibn Abbas (RA) ya ce wa wani mai sana'ar zane in dole sai ya yi to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Shi ya sa mai ƙunshi da mai ɗinkin hula da mai zanen bango duk suke sakewa da reshe da ganye.

Abin da babu shi da yawa shine mu mu tsaya mu ɗauki furanninmu don kansu, da irin natsuwar da su Atkins suka yi. Na taɓa tambayar wani dattijo mai goro a Agege, na ce Baba, furen goro kuwa yaya yake? Ya yi dariya ya ce ɗana, ai mu sai ya zo a huhu muke saninsa. Alhali ɗan ƙaramin fure ne fari-fari mai jan zane a ciki, kuma gonakinsa suna nan kusa a jihar Ogun. Furen kuka babba ne fari yana rataye kansa ƙasa, da yamma yake buɗewa jemagu su zo masa da dare, kafin wani daren ya lalace, yawancinmu mun sha miyarta shekara da shekaru ba mu taɓa ganinsa ba. Ga jan ƙwallon ɗorawa, ga gurjiya da ke yin ja a rani lokacin da ba ganye a jikinta, ga bado a tafki, har ƙuduji da manomi ya tsana furensa abin kallo ne. 'Yan uwanmu da ke sayar da shuke-shuke a bakin titi a Ikoyi da Lekki, suna ban ruwa safe da yamma, sun san wanne ne ke buɗewa da hantsi wanne ne ke rufewa da la'asar fiye da mai digiri, kuma kowannensu da waya mai kyamara a aljihu. Farin kwali ko baƙin yadi a baya, hasken safe ta taga, a ɗauki toho da fure da 'ya'ya, a rubuta sunan Hausa da garin da aka samo shi da kwanan wata da sunan wanda ya faɗi amfaninsa, iyakar abin kenan. Ita ma dabarar shuɗin nan har yanzu ana yinta, gishirin biyu ana samunsu a wurin masu sayar da kayan dakin gwaje-gwaje, rana kuwa muna da ita.

Ga mai son saye kuma, kar a cuce ka da sunan tsoho. Kusan duk na kasuwa sabon bugu ne daga firinta, kuma ba laifi ba ne in dai an faɗa maka, tunda ɗakunan karatu na duniya sun ɗora dubban waɗannan zane a intanet kyauta, kai ma za ka iya saukewa ka kai Shomolu a buga maka. In wani ya ce nasa na asali ne ya tsuga kuɗi, ari gilashin masu gyaran agogo ka duba. Sabon bugu za ka ga ƙananan ɗigo a jere ko feshin tawada. Na farantin jan ƙarfe za ka ga layuka tsaf, yawanci kuma akwai alamar gefen farantin da ya lotsa takardar kewaye da zanen, in da hannu aka sa kalar za ka ga inda ta ɗan tsallake layi. Jan da takarda ke yi ba hujja ba ce, ana bugo shi da gangan. Tsofaffin hotuna na ƙarni na 19 da ke da ruwan ƙasa-ƙasa kuwa, yawancinsu a takardar da aka shafa wa farin ƙwai aka yi su, sirara ne ƙwarai shi ya sa ake manna su a kwali.

Na gida da kuka gada su suka fi buƙatar kulawa, domin laimar Legas ba ta da tausayi, ita ke kawo fumfuna da jajayen ɗigon nan a takarda, ita ke sa fuskar hoto ta manne da gilashin firem in ka zo cirewa ta taho da fuskar mutum. A sa ɗan kwali a kewaye don hoton kar ya taɓa gilashi, kar a rataya a bangon da ke tsatsafo ruwa ko inda rana ke duka, kar a ajiye a ƙasan akwati a ɗakin da ambaliya ke shiga. Don Allah kar a kai shi a yi masa laminatin, zafi da gam ɗin suna shiga jikinsa kuma ba a iya cirewa. A ɗauke shi da waya ko a yi sikanin tukuna, gaba da baya, saboda sau da yawa a bayan ne hatimin situdiyon da shekarar suke, sannan a zauna da wanda ya fi kowa tsufa a gidan ya faɗi su wane ne a ciki a rubuta da fensir.